Wasiƙa Zuwa ga Dokar Hana Auren Jinsi

Ya ke Doka,

Daga Maiduguri nake rubuto miki. Yawancin mutanen garin nan a rediyo suka ji sunanki, suka ce madalla, suka ci gaba da neman abin sawa a bakin salati. Kaɗan ne suka karanta ki, alhali ba ki da tsawo, sassa takwas ne kacal. Ni na karanta ki, kuma a sashe na biyar maganata take.

Majalisar Wakilai ta amince da ke a ƙarshen watan Mayun 2013, makonni biyu bayan an ayyana dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, lokacin da aka katse mana layukan waya har uwa ba ta iya jin muryar ɗanta da ke Bama. Shugaba Goodluck Jonathan ya sa miki hannu ranar 7 ga Janairun 2014. Mako guda bayan nan bam ya tashi a wajen Fos Ofis a tsakiyar garin nan. A watan Maris aka far wa barikin Giwa, a Afrilu aka kwashe 'yan matan Chibok. A cikin wannan hali aka kawo ki, kuma babu wanda ya taɓa zuwa gaban liman ko alƙali a Borno yana neman a ɗaura masa aure da namiji ɗan'uwansa. Hukunci ma ba sabo ba ne: sashe na 284 na kundin finalkod ya daɗe da tanadar ɗaurin da ya kai shekara 14, ga kuma dokokin shari'a da jihohin Arewa 12 suka kafa daga shekarar 2000. Sabon abin da kika zo da shi yana ƙaramin sashe na 2 da na 3 na sashenki na biyar: ɗaurin shekara 10 ga wanda ya yi rajistar ƙungiyar irin waɗannan mutane, ko ya gudanar da ita, ko ya shiga, ko ya tallafa mata ko wani taronta. Wato kin wuce mai aikatawa, kin miƙa hannu ga mai taimako.

To, su wane ne masu taimakon? A nan Arewa ba su da allon suna a bakin titi, ba su da tuta, ba sa jerin gwano. Lauya ne da ake bugo wa waya da tsakar dare a ce an kama wasu samari a gidan biki, ya tashi ya tafi caji ofis neman beli. Ma'aikaciyar jinya ce da take gwada jinin mutum ta ba shi maganin rage kaifin ƙanjamau ba tare da ta ɗaure masa fuska ba. Wani kuma saurayi ne da shi ma abin ya shafa, yana haɗa kuɗin mota wa wanda aka kora daga gida da dare, ko ya bar masa tabarma a ɗakinsa har hankalin dangi ya kwanta. A cikinsu akwai 'yan kaɗan da suka yarda a san sunansu. Dorothy Aken'Ova, wadda ta kafa cibiyar INCRESE a Minna, ita ce ta fito ta gaya wa duniya halin da waɗanda aka kama a Bauchi suke ciki a farkon 2014, ƙungiyarta kuma ta tsaya musu wajen neman lauyoyi. A Legas akwai ƙungiyar TIERs, da take tattara rahoton cin zarafi shekara-shekara. Ita kuwa Pamela Adie ta nemi rajistar ƙungiyarta, hukumar rajistar kamfanoni ta ƙi, ta je Babbar Kotun Tarayya a Abuja, a 2018 aka kori ƙarar, kuma da ke aka kafa hujja. Kalmar tallafi da aka saka a cikinki faɗinta ya yi yawa, kamar komar masunta a Baga, duk abin da ya gitta sai ta haɗa da shi. Likita yana ciki, mai gidan haya yana ciki, har uwar da ta ƙi yarda a tona wa ɗanta asiri za a iya cewa tana ciki.

Ki dubi abin da ya biyo bayan zuwanki. A Janairun 2014 jama'a sun yi wa wata kotun shari'a ruwan duwatsu a Bauchi, suna neman a ba su waɗanda ake tuhuma tun kafin alƙali ya gama sauraron shaidu. A Fabrairu, a unguwar Gishiri ta Abuja, an bi gida-gida da sanduna ana fito da samari ana duka. A 2017 an kama mutum 53 a Zariya, a ƙarshen 2022 Hisba ta kama 19 a Kano, a Oktoban 2023 jami'an sibil difens suka kama 76 a Gombe. Labarin kusan iri ɗaya ne kullum: jami'ai su ce bikin auren jinsi ne, a jera mutane a gaban kyamara, hotunansu su zagaye wayoyi kafin a kai su gaban kowa. Da aka zo gwada ki a kotu da gaske, a shari'ar mutum 47 da aka kama a wani otel a Legas a 2018, masu gabatar da ƙara sun kasa kawo shaidu yadda ya kamata, Mai Shari'a Rilwan Aikawa ya sallami ƙarar a Oktoban 2020. Shekara biyu suna zaryar kotu, wasu aiki ya tafi, wasu dangi sun juya musu baya, kuma babu wanda ya mayar musu da ko ɗaya.

Ashe ƙarfinki ba a kotu yake ba, a hannun masu tatsa yake. Ɓata-gari su yaudari yaro ta waya ya zo, su rufe ƙofa, su tuɓe shi su ɗauki bidiyo, su ce ko kuɗi ko a tura wa mahaifinsa. Matasa na kiran wannan kito. Yaron ba zai kai ƙara ba, domin ya san shi za a fara tsarewa. Wanda zai raka shi ya tsaya masa kuwa, kin riga kin rataya masa shekara 10 a wuya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne lafiya. Wani bincike da aka yi a Abuja, mujallar Lancet HIV ta buga a 2015, ya bi maza masu neman maza kafin zuwanki da bayansa. Masu tsoron zuwa asibiti sun tashi daga kashi 25 cikin ɗari zuwa 38, masu ƙaurace masa daga 20 zuwa 28. A Abuja ke nan, inda mutum zai iya ɓacewa cikin jama'a. A garinmu, inda mai gadin asibiti ma ya san kakanka, ina mutum zai nufa? Kuma da yawa daga cikin waɗannan maza magidanta ne ko za su zama, domin a wurinmu aure ba ya jiran ra'ayin kowa. Idan mutum ya daina karɓar magani don tsoro, ƙwayar cutar ta ƙaru a jininsa, matarsa da ba ta san hawa ba ta san sauka ba ita za ta ɗauka, daga ita kuma sai jaririn da ke goye. Ma'aikacin da yake bin irin wannan mutum yana lallashinsa ya koma kan magani, wannan matar yake karewa.

Mu 'yan Arewa mun san kuɗin da ake biya idan aka shafa wa ma'aikacin lafiya baƙin fenti. A 2003 jita-jita ta tsayar da rigakafin shan inna a wasu jihohi, cutar ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. A Fabrairun 2013 an harbe masu rigakafi tara a Kano. Yara na ƙarshe da ƙwayar cutar ta asali ta shanye wa ƙafa a Najeriya, a 2016, 'yan Borno ne, daga yankunan da ma'aikata suka kasa shiga.

Na san abin da za a ce mini: addini ya haramta. Ni Musulmi ne, ban zo sauya wa malamai fatawa ba, kuma ba wannan nake nema ba. Amma addinin da ya haramta shi ne ya hana bin diddigin asirin mutane a Suratul Hujurat, shi ne ya sa bulala 80 a kan mai ƙazafin da ya kasa kawo shaidu huɗu a Suratun Nur, shi ne ya koya mana cewa alƙali ya kuskure wajen yafiya ya fi ya kuskure wajen hukunci. Ina wannan tsantseni a lokacin da ake ɓalle ƙofar mutum saboda yanayin tafiyarsa, ko don wani maƙwabci ya rantse? Iyayenmu sun zauna da 'yan daudu a tasha da kasuwa shekaru aru-aru, suna sayen abincinsu, suna yi musu wa'azi, wani lokaci su yi musu tsiya, amma ba su mai da farautarsu ibada ba. Lauyan da ya ce a kawo shaida kafin a hukunta mutum ya fi mai jifa kusa da abin da muka karanta a zaure.

Su ma masu goyon baya daga ƙetare ina da magana da su, ko da yake ba su nake rubuta wa ba. A Oktoban 2011 Firaministan Birtaniya David Cameron ya yi barazanar rage tallafi ga ƙasashe masu irin waɗannan dokoki. Masu fafutuka na Afirka da kansu suka fitar da sanarwa suna cewa wannan zai jawo wa mutanensu baƙin jini, kuma wata guda bayan nan Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurinki cikin fushi. Hayaniya daga nesa ba ta cin komai ga mai yin ta, na kusa ne ke kwana da ita. A Yulin 2024 wata babbar jarida ta ce wata yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da ake kira yarjejeniyar Samoa ta ɗaure Najeriya ga auren jinsi. Ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta duba ta ce babu wannan a ciki, daga baya hukumar sauraron ƙorafin kafafen yaɗa labarai ta ce rahoton ba daidai ba ne, jaridar ta nemi afuwa. Kafin afuwar ta iso an riga an yi huɗubobi, an riga an fara nuna ƙungiyoyin sa-kai da yatsa. Sai kuma a farkon 2025 Amurka ta dakatar da tallafinta na waje, ta taƙaita maganin kariya daga ƙanjamau ga masu ciki da masu shayarwa. Waɗanda aka ce 'yan amshin shatan Turawa ne su aka bari a fili, babu kuɗi, babu kariya, kuma ga ki a kansu.

Abin da nake roƙo ƙarami ne idan aka auna shi da abin da ake zargin irina da nema. A cire ƙaramin sashe na 2 da na 3 daga sashenki na biyar, domin sun ci karo da sashe na 40 na Tsarin Mulkin 1999 da ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin taro da shiga ƙungiya. Kafin nan a rubuta ƙarara cewa ba ki shafi aikin likita da na lauya ba, a kuma daina baje kolin waɗanda ake zargi a gaban 'yan jarida. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka, a ƙudurinta mai lamba 275 na 2014, ta nemi ƙasashe su kare masu wannan aiki daga tsangwama, Najeriya kuwa tana cikin ƙasashen da aka yi wa kiran. Borno na da sanatoci uku da 'yan Majalisar Wakilai goma, kuma zan aika wa kowannensu kwafin wannan takarda.

Wassalam,
wani ɗan Maiduguri