Mu Ma Haka Aka Yi Mana

A garin State College na jihar Pennsylvania, inda Jami'ar Penn State take a Amurka, a shekarar 2017 akwai wani katafaren gida na ƙungiyar ɗalibai maza mai suna Beta Theta Pi. Irin ƙungiyoyin nan ne da samari ke zama gida ɗaya, suna kiran juna ɗan'uwa, da shugabansu da mataimakinsa. A rubuce, an haramta giya a gidan. Daren 2 ga Fabrairu 2017 aka tara sababbin shiga 14 za a karɓe su. Cikinsu akwai Timothy Piazza, ɗan shekara 19 daga jihar New Jersey, mai karatun injiniya.

Sharaɗin shiga shi ne a bi layi, duk inda ka tsaya a miƙa maka giya ka shanye nan take. Da masu bincike suka duba hotunan kyamarorin gidan daga baya, sun ƙirga cewa an ɗura wa yaron sau 18 cikin minti 82. Wajen ƙarfe 11 na dare ya rufto daga matattakalar da ke sauka ɗakin ƙasa, kansa ya fara isa.

Aka kinkimo shi aka shimfiɗe a kan kujera, bai san inda yake ba, ga tabon jini ya kwanta a gefen cikinsa. Wani ya mare shi ko zai farfaɗo, wani ya zuba masa ruwa a fuska. Suka cika jakar goyo da littattafai suka rataya masa a baya, wai kada ya mirgina rigingine amai ya shaƙe shi. Wannan dabara ta jaka ita ta fi tsaya mini a rai, domin ta nuna sun san ransa na cikin haɗari. Wani ƙaramin ɗan ƙungiya, wanda bai daɗe da shiga ba, ya ɗaga murya ya ce a kai shi asibiti. Aka hankaɗa shi jikin bango, aka ce ya fita, manya sun san abin da suke yi.

Dare ya raba, kowa ya watse. Yaron ya yi ta yunƙurin tashi shi kaɗai yana faɗuwa, kansa na buguwa da ƙasa da ƙofa. Da safe wajen ƙarfe 10 aka same shi a ɗakin ƙasa, jikinsa ya yi sanyi ya sandare. Ko a lokacin ma sai da suka shafe fiye da minti 40 suna goge masa fuska, suna lulluɓe shi, suna neman bayani a wayoyinsu. Ƙarfe 10:48 aka kira motar asibiti, kusan awa 12 bayan faɗuwar farko. Ƙoƙon kansa ya tsage, saifarsa ta fashe. Ya rasu ranar 4 ga wata.

Kowane ɗayansu da waya a aljihu, lambar gaggawa kuwa ƙwaya uku ce. To me ya riƙe hannuwansu? Kiran yana nufin wani ya buɗe baki ya ce mun yi ɓarna, kuma a ƙarƙashina aka yi ta. Shugaban da ya ɗauka kuskure ɗaya zai rushe mutuncinsa duka, ba zai iya furta wannan ba. Zai gwammace ya jira gari ya waye ko abin zai gyaru da kansa. Shi ya sa bayan an tafi da yaron, saƙonnin da suka riƙa aika wa juna na share gida ne da goge hirarraki. Har hoton kyamarar ɗakin ƙasa aka goge, sai da hukumar FBI ta maido da shi.

Waɗannan manya, bara ko bara waccan, su ne a kan layin. Wanda aka wulaƙanta sannan aka rungume shi aka ce ya zama ɗan'uwa, da wuya ya yarda cewa zaluntarsa aka yi. Tun 1959 masana halayyar ɗan Adam biyu, Elliot Aronson da Judson Mills, suka nuna cewa mutumin da ya sha wuya kafin a karɓe shi ya fi ganin ƙimar ƙungiyar, don ransa ba ya son ya ce wahalar banza ya sha. Sai ya sanya wa ciwon suna, ya kira shi jarunta ko horo. In sabon yaro ya yi kuka a gabansa, amsarsa a shirye take: mu ma haka aka yi mana, ga mu ba mu mutu ba. Bai taɓa zama ya ji tausayin yaron da shi kansa ya kasance a wancan dare ba, to ina zai samo tausayin ɗan wani?

Kristin Neff ta Jami'ar Texas da ke Austin, wadda ta fara auna tausayin kai a bincike a 2003, ta ce abu uku ne: mutum ya sassauta wa kansa harshe in ya kasa, ya tuna kuskure gadon kowa ne, ya kuma kalli ciwonsa ido da ido ba tare da ya ɓoye shi ko ya nutse a ciki ba. Wasu na jin haka su ce ai wannan neman uzuri ne. Gwajin da Juliana Breines da Serena Chen suka yi a Berkeley a 2012 ya nuna akasin haka: waɗanda aka sa suka dubi laifin da suka yi wa wani da idon tausayin kai, su suka fi ɗokin gyarawa da gudun maimaitawa. Malamanmu ma sun daɗe suna faɗa cewa wanda ya yanke ƙauna daga rahama ba ya samun ƙarfin tuba.

A Oktoba 2018 jihar Pennsylvania ta kafa doka da sunan Timothy, ta tsananta hukuncin gallaza wa sababbin shiga, ta kuma ba da kariya ga wanda ya kira agaji ya tsaya tare da majinyaci har masu ceto su iso. A Disamba 2024 Shugaba Biden ya sa hannu a dokar tarayya da ta wajabta wa jami'o'i bayyana irin waɗannan laifuffuka. A shekarar ce kuma shugaban gidan da mataimakinsa suka amsa laifi, aka yanke musu zaman wata 2 zuwa 4.

Labarin na wata ƙasa ne mai nisa. Sai dai akwai ɗakunan kwanan ɗalibai da ko warin giya babu, abin da ke akwai bel ne da tsallen kwaɗo da kamun kunne bayan an kashe fitila, da siniyan da shi ma yana ɗauke da tabon nasa siniyan. Wanda aka damƙa wa 'ya'yan mutane a wannan zangon, ya tuna ranar da shi ne a tsugunne, ya yarda cewa ba a kyauta masa ba. In kuma yaro ya faɗi a hannunsa, ya ruga da shi wurin malamin gida ko ɗakin shan magani a daren, kada ya bari sai da safe.