Masu Neman Dala, Kowa da Salonsa

Ɗan canji a Wapa ba ya buƙatar ganin fasfonka. Daga yadda ka tambayi "yau nawa take?" ya gama karanta ka, haka ma takwaransa na Zone 4 a Abuja.

Akwai mai jiran ta sauka. Biza ta fito, tikiti na hannu, kuɗi na kwance a asusu, amma kullum da safe sai ya buga waya: "Alhaji, nawa aka tashi?" A faɗa masa, ya ja tsaki: "Bari dai mu ga Litinin, an ce Babban Banki zai saki dala." Wa ya ce? Wani ne a teburin mai shayi. Irinsa ne suka ƙi saye a farkon 2023, tana ɗari bakwai da 'yan kai, wai zalunci ne. A Fabrairun 2024 da ta doshi naira 1,900, tafiya kuma ta matso, sai ya rufe ido ya saya. Kafin Afrilu ya ƙare ta gangaro kusa da 1,100. Har yau in ana hirar canji, tashi yake ya ce zai yi alwala.

Mai farashin gwamnati shi bai yarda da kasuwar bayan fage ba. Ya cika Form A, ya haɗa biza da tikitin zuwa da dawowa, yana neman dala 4,000 da doka ta ba matafiyi duk wata uku. Ya san masu gadin banki da sunayensu, ya haddace amsar da ake ba shi: "Yallabai, ba a turo ba tukuna." Yana da wani ƙane wanda bai taɓa wuce Zariya ba, amma a takarda ya fi matuƙin jirgi yawo. A zamanin da banki ke sayarwa ɗari huɗu da sittin, kasuwa kuma ɗari bakwai da hamsin, sai ya yanki tikiti, ya karɓi dala, ya soke tikitin, ya zarce Wapa. Tun a 2021 ma abin ya yi yawa har Babban Banki ya umarci bankuna su wallafa sunayen masu yin haka. Da aka haɗe farashi a Yunin 2023, aka kuma koma zuba kuɗin a kati, sai son ganin duniya ya fita daga ransa.

Hajiyar Dubai da Guangzhou kuwa, ita ake tashi a ba kujera. "Hajjaju, barka da zuwa!" Ba ta amsawa sai ta zauna ta ajiye wayoyinta uku. Kafin ta fito daga gida ta ji farashi a bakin mutum biyar, don haka in ka ƙara mata naira biyu, kallonka kawai za ta yi har ka janye da kanka. Injin ƙirga ya gama, ta sake bi da yatsa, tana ɗaga kowace takarda ga haske. Tana son shuɗiyar ɗari, wadda Amurka ta fitar a 2013. Ka cusa mata tsohuwa mai ƙaramin kai, ta zare ta da farce biyu kamar ta tsinci ƙuda a fura: "Ɗan nan, wannan ka ajiye wa surukarka." Yaran kasuwa na tsoronta, iyayen gidansu kuma a wurinta suke jin inda farashi zai kwana.

Wanda nake tausayi shi ne Baba maniyyaci. A 2024 guzurin alhaji dala 500 ne, takarda biyar ke nan idan 'yan ɗari-ɗari ne. Ya juya su, ya leƙa cikin ambulan ko saura sun maƙale. Miliyoyin da ya biya, ga abin da ya dawo hannunsa. An ɗinka masa aljihun ɓoye, yana dafa shi ko a sahu. A Makka kowace dala riyal 3.75 ce, jimla 1,875, alhali takardar tsaraba ta cika gaba da baya: jallabiya, dabino, carbi, turare, agogon jika, ga kuma haƙorin Makka da Gwaggo ta ce kada a manta. Duk abin da ya taya sai ya mayar da shi naira a zuci, ya yi salati, ya ajiye.

Mai "ina da mutum" ba ya buƙatar dogon bayani. Mutuminsa ma yana da mutum, kowa ya ɗora nasa, dala ta iso da tsadar da ta fi ta bakin titi. Mai sai-a-filin-jirgi kuma yana saye a tsaye, ana kiran jirginsa, duk abin da aka ce ya biya.

Dukansu a hanyar tafiya bakinsu ɗaya: Allah ya karya dala, Allah ya isar wa talaka. Sai wani ya dawo da ragowar ɗari uku a walat. Washegari da sassafe ya kira Wapa, a ce masa ta sauka da naira ashirin.

"Subhanallahi! Me ya same ta? A'a, Alhaji, ba yanzu zan sayar ba. Bari mu ga Litinin."