Dabarun Cin Zogale a Tashar Gure ba tare da Zubar da Girma ba

Saurayin Gure mai son gyara cimarsa ba ya fama da rashin abin saye, domin garin yana kan babbar hanyar Damagaram zuwa Diffa kuma bakin tasha ba ya rabo da masu talla. Abin da yake tsoro shi ne idon fada, wato majalisar samari masu zaman shayi, inda ake auna wayewar mutum da kaurin mayonis ɗin da aka shafa masa a burodi.

Ya kamata ya fara daga teburin mai shayi. Idan aka karkata gwangwanin madara mai zaƙi, wadda kusan rabinta sukari ne, kada ya ambaci ciwon suga, don za a ce ya tsufa tun bai yi aure ba. Ya ɗaga hannu kawai ya ce, "Ya isa haka, maigida," da muryar wanda ya saba shan kofi a Yamai. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta so baligi ya wuce kimanin giram 50 na sukari a yini, alhali lemon kwalba guda yana cinye fiye da rabin wannan kaso, shi kuwa gishiri ta ce kada ya kai giram 5, abin da mai tsire yake iya barbaɗawa cikin yaji yana hira.

Kwaɗon zogale, wato dafaffen ganye da aka cuɗa da ƙuliƙuli da albasa da tumatir, shi ne ke buƙatar hikima, saboda an ɗauke shi abincin mata da na ƙarshen wata. Mai rauni yakan ce saƙon Inna ne, ya laɓe bayan babbar mota ya share ledar. Wanda ya ƙware kuwa yakan zauna a tsakiyar fada, ya sanar cewa a Faransa garin wannan ganye ake zubawa a kwalba ana sayar wa masu kuɗi da tsada, ya bi bayansa da furar hatsi da nono ba sukari, ya tauna dabinon kwarurukan yankin yana kallon nesa.

Tsire bai haramta ba. Abin da ake so shi ne a nemi ƙarin albasa, a buɗe takardar a gaban abokai a ce bismilla, su kuwa za su tabbatar da cewa mai shi bai wuce yanka biyu ba.