Ni da Manaja da Sashe na Takwas

Duk zaman da na yi a gidan hayarmu na Kubwa, ban taɓa sa mai gidan a ido ba. Wasu sun ce yana Landan, wasu sun ce Dubai, mai gadi kuwa ya rantse mini cewa wata tsohuwa ce a Suleja. Wanda muka sani shi ne Manaja, wakilin wani kamfanin kula da gidaje, siririn mutum mai farar riga da jaka a hammata, wanda Allah ya hore wa baiwar ɓacewa. Famfo ya fashe, wayarsa a kashe. Sokawe ya cika har ya fara kai wa maƙwabta ziyara, Manaja ya tafi ta'aziyya ƙauye. Amma ranar da kuɗin haya ya cika, kafin ka shafa addu'ar asuba za ka ji ana ƙwanƙwasa ƙofa.

Fulat shida ne a gidan, kowanne ɗaki biyu da falo, mu muna ƙasa. Ban da haya akwai kuɗin hidima: albashin mai gadi, kwashe shara, gyaran injin burtsatse, da man wani janareto da babu mai tuna ranar da ya yi tari na ƙarshe. Kaji ne ke ƙwai a ƙarƙashinsa.

Bayan cire tallafin man fetur na ranar 29 ga Mayu, 2023, komai ya tashi, har da abin da bai taɓa shiga mota ba. Sai ga takarda an turo ta ƙarƙashin ƙofa. An ƙara haya daga naira 900,000 zuwa miliyan 1.6, wai saboda tsadar siminti. Na ɗaga kai na dubi bangon falo. Tun zamanin Obasanjo aka gina gidan nan, kuma tun daga lokacin bai ƙara shan ko cokali ɗaya na siminti ba. A ƙasan takardar an rubuta cewa wanda bai iya ba, an ba shi wata ɗaya ya kwashe komatsansa.

Na kira Manaja. Bugu ɗaya ya ɗauka, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihi.

"Yallaɓai, ba ni ba ne. Umarni ne daga sama."

"Wace saman? Ta Landan ko ta Suleja?"

Bai yi dariya ba. Ya ce in wata ya cika zai zo da kafinta a canja kwaɗo, kuma in tambayi labarin wani gida a Nyanya da suka ɗaye wa rufi da tsakar damina. Na tuna masa cewa kafin a kai ga rufinmu sai an fara sauke iyalan da ke samanmu. Ya kashe waya.

A saman namu akwai wani matashi mai shiru-shiru da ke fita kullum da baƙar kwat. Uwargida ce ta gano lauya ne, domin ta hango farin gashin nan nasu a shanye bayan taga. Na hau na same shi yana jiƙa garin kwaki. Ya karanta takardar ya ajiye, ya ce, "Baba, ina yarjejeniyarku? Ina rasit?"

Ni dai na san na sa hannu a wani abu ranar da muka tare, amma inda ya shiga sai Allah. Na sauko na tambayi uwargida. Ba ta ce uffan ba, ta jawo tsohon akwatin lefenta, ta fito da gwangwanin biskit. A ciki akwai yarjejeniyar, da rasit ɗin haya na kowace shekara, da na kuɗin ajiya, da na fankar silin, da na tankin ruwa, har da na murfin masai. Shekaru ina yi mata tsiya kan tara takardu. Ta miƙo mini gwangwanin da hannu biyu, da ladabin da ya fi zagi ciwo.

Barista ya bi yarjejeniyar layi-layi. Abin da yake nema, in ji shi, ko an rubuta tsawon notis a ciki, domin in an rubuta kuma ka sa hannu, to shi zai ci ka, ko da sati biyu ne. Tamu ba a rubuta ba. Tunda haka ne, sai a koma ga dokar karɓar gida daga hannun ɗan haya da ke aiki a Abuja. Sashe na 8 ya ce mai biyan sati-sati a ba shi sati guda, mai biyan wata-wata a ba shi wata guda, mai biyan wata uku-uku a ba shi wata uku, mai biyan shekara-shekara irina kuwa rabin shekara cur. In wannan ya ƙare bai tashi ba, sai a sake ba shi takardar kwana bakwai cewa za a kai shi kotu. Daga nan alƙali ne kaɗai zai ce a fitar da shi, kuma ma'aikatan kotu ne za su fitar, ba Manaja da kafintansa ba.

"Canja kwaɗo fa? Da ɗaye rufi?"

"Baba, ko gwamnati ba ta da wannan ikon." Ya ba ni labarin Ojukwu, wanda gwamnatin soja ta Legas ta tura masu bindiga suka fitar da shi daga gidan da yake zaune a Ikoyi alhali magana tana gaban kotu. A 1986 Kotun Ƙoli ta ce wa gwamnatin ba haka ake yi ba. Na ji wani sanyi ya ratsa ni. Ashe ni da Ojukwu layi ɗaya muke.

Sai dai ya ja mini kunne. Wata shidan ba sadaka ba ce, duk kwanan da na ƙara sai na biya kuɗinsa. Kuma doka ba ta tilasta wa mai gida ya ci gaba da ajiye ni a tsohon farashi. Lokacin neman wani gida kawai take saya mini.

Barista ya rubuta wasiƙa, na kai ta ofishin kamfanin, wani shago a saman bene tsakanin mai ɗinki da mai gyaran waya. Manaja ya karanta, ya juya bayanta, ya sake karantawa. "Wa ya rubuta maka wannan?" Na ce wani ɗan'uwa ne. Ya ce to, Allah ya kai mu wata shidan. Yadda ya faɗi "Allah ya kai mu" ɗin ne bai kwanta mini ba.

Washegari injin burtsatse ya lalace, amma lalacewa irin ta mai hankali, domin bututunmu kaɗai ya shafa. Aka ce wa mai gadi ya rufe get da ƙarfe tara, lokacin da Manaja ya san cunkoson hanyar Kubwa bai sake ni ba. Sannan aka fara turo masu ganin gida. Ranar Asabar muna tsakiyar cin tuwo sai ga Manaja da wasu miji da mata, ko sallama ba su gama ba sun wuce uwar ɗaka suna auna inda gadonsu zai zauna. Ƙaramin ɗana ya bi su da loma a hannu yana tambaya ko baƙinmu ne.

Barista ya ce ba a shiga wa ɗan haya inda ya biya sai da izininsa, in hana su. Uwargida ta ce a'a, a bar mata su. Zuwa na gaba ita ta tarbe su da fara'a da ruwan sanyi, ta zama jagora.

"Hajiya, ga kicin. Wannan zanen na silin ba ado ba ne, banɗakin sama ne ke gaishe mu. Nan kuma in an yi ruwa sai ki ɗage buhun shinkafa. Zo in nuna miki sokawe, amma ki riƙe mayafinki a hanci."

Manaja yana tsaye yana gyaran murya, ita kuwa ba ta yi ƙarya ko ɗaya ba, don haka babu abin musantawa. Bayan ƴan irin waɗannan ziyarce-ziyarce, masu ganin gida suka ɗauke ƙafa, ruwa kuma ya dawo da kansa.

Ni kuma na faɗa hannun dillalai. Kafin dillali ya motsa sai ka ba shi kuɗin gani, naira 5,000, ko gidan ya yi maka ko bai yi ba, ko ma akwai gidan ko babu. Na farko ya kai ni Dutsen Alhaji, muka tsaya gindin wata bishiya ya kira wani. Wannan ya zo a kan babur, ya kira na uku. Na ukun ya ce makulli yana wurin ƙaninsa, ƙanin kuma ya tafi Zuba. Muka leƙa gidan ta ramin get, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce ma sha Allah. Dukkansu kuma suna jiran kasonsu a la'ada.

Wani ya kai ni Lugbe ganin gidan da ya ce saura ƙiris a gama. Bene ne mai kyau, sai dai babu matakala. Da tsani muka hau. Babu taga, babu ƙofa, wata akuya ta riga mu isa, kuma har yau ina mamakin ta inda ta bi. Mai gidan yana son kuɗin shekara biyu a dunƙule don ya ƙarasa ginin, wato in gina masa gida sannan in yi haya a ciki. Na ce ai a Legas dokar haya ta 2011, wadda Fashola ya sa wa hannu, ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, har da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata uku. Dillalin ya dube ni da tausayi ya ce, "Alhaji, nan Lugbe ne." Gaskiyarsa. A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya kai ƙudiri Majalisar Dattawa don a koma biyan haya wata-wata a Abuja, aka yi ta tafi a rediyo, ma'aikacin da ake biya albashi wata-wata kuwa har gobe shekara ake nema a hannunsa. Kuma ba hayar kaɗai ba: kashi 10 na dillali, kashi 10 na lauyan da ba za ka taɓa gani ba, ga kuɗin ajiya, ga na hidima. Kafin ka karɓi makulli ka biya kuɗin ɗaki guda da babu shi a ginin.

Sai Allah ya kawo wani gida a Karu. Ruwa, mita mai kati, fenti sabo, ga bishiyar mangwaro a tsakar gida. Mai gidan da kansa, wani dattijo mai carbi, ya zaunar da ni a tabarma ya fara tambaya. Mata nawa? Yara nawa? Ana daka a turmi? Baƙi daga gida suna zuwa su yi wata uku da sunan neman aiki? Na amsa duka, yana gyaɗa kai. Har ya ce wa yaronsa ya kawo makulli. Ni kuma, da ilimin Barista ke tafasa a cikina, na gyara zama.

"Ranka ya daɗe, a yarjejeniyar wane notis za a rubuta? Don sashe na 8 cewa ya yi..."

Carbin ya tsaya.

"Malam, lauya ne kai?"

Na rantse ni ma'aikacin gwamnati ne, na fito da katin aiki. Ya karɓa ya duba, ya mayar mini, ya ce yanzu ya tuna ɗan ƙanwarsa zai yi aure bayan Sallah, gidan nasa ne. Yaron da ya taho da makulli ya yi kwana a bakin ƙofa ba tare da an ce masa komai ba. Dillali bai yi mini magana ba har muka iso titi, sannan ya ce, "Alhaji, ana neman gida kana karanta sashe?"

Da na ba Barista labari sai da ya ƙware don dariya. "Baba, ni da na zo gidan nan ce musu na yi ina koyarwa a firamare. Har yau Manaja Ticha yake kirana."

A ƙarshe uwargida ce ta samo gida, ta hannun wata da suke Islamiyya tare, a nan Kubwa, layi uku daga inda muke. Babu dillali, babu kuɗin gani. Mai gidan ta rubuta notis na wata shida a yarjejeniya da hannunta ba tare da kowa ya ambaci sashe ba, ni kuwa an gargaɗe ni tun daga gida cewa gaisuwa kaɗai aka kawo ni yi.

Ranar tashi Manaja ya zo da dogon lissafi a kan kuɗin ajiyarmu na naira 100,000. Ramin ƙusa, dubu biyu kowanne. Fenti. Tabon silin ɗin kicin, wanda banɗakin sama ya yi. Da ya tattara, sai ga shi mu ake bi dubu goma sha biyu. Uwargida ta buɗe gwangwanin biskit a kan akori-kura. Ta nuna masa hotunan da ta ɗauka ranar da muka tare, da saƙonnin da ta tura masa kan silin, kowanne da kwanan wata, babu amsa ko ɗaya. Sannan ta fara fito da rasit tana kiran kafinta.

"Wannan fankar tamu ce, a sauke. Tankin ruwa namu ne. Ƙwayayen fitila. Ragar sauro ta tagogi. Abban yara, shiga banɗaki ka kwanto murfin nan."

Na fito rungume da murfin masai a gaban maƙwabta. Manaja ya dubi fulat ɗin da ke komawa kango a kan idonsa, ya ce a dakata. Aka zauna a kan buhun masara aka daidaita: mu bar tanki da raga, shi kuma ya mayar da kuɗin ajiya cif. Uwargida ba ta bar direba ya tayar da mota ba sai da ta ji ƙarar shigar kuɗi a waya.

Har na sa ƙafa a mota sai Manaja ya jawo hannun rigata zuwa bayan janareto. Ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Yallaɓai, don Allah wata tambaya. Wannan maganar ta wata shida, tana aiki a Mararaba? Mai gidana ya ba ni sati biyu."

Na ce Mararaba jihar Nasarawa ce, tasu dokar daban, sai dai in haɗa shi da ɗan'uwan nan nawa. Ya ce ya gode, yaushe za mu je? Na ce ko yanzu, ba nisa, amma kuɗin gani dubu biyar ne.