Yadda Ake Tafiya Hutun Bazara Ba Tare da Fita Ƙofar Gida Ba

Daga Maris zuwa Mayu, idan bazara ta kankama a Kano, zafi kan haura digiri 40, fanka ta koma hura iska kamar ta gidan burodi. A lokacin ne za ka ji mutanen Giginyu suna lissafi: wannan zai tafi Tiga, wancan Minjibir, mai hali kuma yana neman bizar Dubai. To, maigida, mayar da fasfo cikin durowa. Wurin hutunka yana tsakar gidanka, ga kuma yadda ake shigarsa.

Da farko, nemi bishiya. Tsofaffin gidajen Nassarawa sun gaji darbejiya da mangwaro, kuma wannan gado ya fi na'urar sanyaya ɗaki, domin ba ruwansa da ɗauke wuta. Darbejiya baƙuwa ce daga Indiya da ta zama 'yar gari, tana riƙe ganyenta a tsakiyar rani, ganyen kuma yana fitar da danshin da ke sanyaya iska. Idan ka riga ka sare taka ka malale gida da siminti, ka sani siminti yini yake yana shan rana, da dare ya amayo maka ita. Sai ka je wurin maƙwabci mai bishiya, ka tsawaita gaisuwa har ya ce ka zauna.

Na biyu, yayyafi. Bayan La'asar, sa yaro ya bi ƙasa da ruwa da tafin hannu, har ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi. A yayyafa, kada a kwarara, ɗan garuwa ba kyauta yake turo kura ba.

Na uku, randa. Ruwa yana tsatsowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, ta tafi da zafin, na ciki ya yi sanyi ƙalau. A girke ta kan jiƙaƙƙen yashi a inuwa, uwargida ta turara ta, a rufe da faifai, moɗa a kai. Wanda ya kurɓi wannan ya san da tsohuwar zuma ake magani.

Na huɗu, guzuri. Kasuwar Yankaba tana nan kusa a titin Haɗeja, ka samo kokwamba da karas. Kankana kuwa, 'Yan Lemo a Na'ibawa. Uwargida ta haɗa zoɓo ko kunun aya, in an samu fura da nono, tafiya ta yi kyau.

Na biyar, waya. Miƙa wa uwargida ita ajiya, ka shimfiɗa tabarma, ka jawo matashi da mafici, ka yi ƙailula. Saƙon gudummawar bikin dangi ba ya tsufa, zai jira ka.

Na shida, baƙi. Idan ka ji dutse ya sauka kan kwano, yaran unguwa ne suka zo gaishe da mangwaronka. Tsinko musu da hannunka, ka sami lada, gilashin motarka ya tsira. Baƙon da ya yi sallama kuma, ƙara masa tabarma, hira a inuwa rabin hutu ce.

Da dare, ɗaura gidan sauro tsakanin reshe da ƙusar bango, iyali su kwana a sarari. Ma'aikatan lafiya sun sha jan kunne cewa cunkoso a ɗaki marar iska a wannan lokaci yana yaɗa sanƙarau.

Abu na ƙarshe sai damina ta sauka. Fasa ɗan simintin nan, ka dasa bishiya ko da guda ce, ka kewaye ta saboda awaki. Nan da 'yan shekaru, maƙwabta ne za su riƙa tsawaita maka gaisuwa.