Kowa da Gem Ɗin da Ya Karɓe Shi

Gidan gem ba ya ɓuya, ko a Abbare ko a kowace unguwa ta Jalingo. Shago ne mai labule, ƙaramin janareta na kuka a bayansa, silifa zube a ƙofa, ihu na tashi daga ciki ba gaira ba dalili. In ka ɗaga labulen za ka tarar da talabijin biyu ko uku, benci, fanka mai juya zafi, da samari da yara sun zuba wa allo ido. A gaba akwai PlayStation 4 ta masu ɗan nauyin aljihu. A lungu kuma ga tsohuwa PlayStation 2, wadda kamfanin Sony ya fitar tun 2000. Ta girmi yawancin masu danna ta, amma har yau ba ta yi ritaya ba. An sayar da irinta fiye da miliyan 150 a duniya, kuma da alama duk wadda Turawa suka gaji da ita, nan take zuwa ta ƙarasa rayuwa.

Masu hangen wurin daga nesa kuɗin goro suke yi wa kowa: 'yan gem. Alhali ba abu ɗaya ne ya tara mutanen cikin labulen nan ba. Kowa abin da duniya ta hana shi yake zuwa saye da canjin aljihunsa: wani nasara, wani mulki, wani abokan hira, wani kuwa wurin da ba za a same shi a aike shi ba. Shi ya sa babu mai raina wasan wani irin mai wasa.

A fara da Kociya. Kafin a take ƙwallo sai ya kwashe lokacin da ya fi na wasan kansa yana tsara 'yan wasa: ya mai da wannan baya, ya jawo wancan tsakiya, ya cire mai tsaron gida, ya yi nazari, ya sake mayar da shi. Masu jiran layi su yi ta tsaki, mai shago ya yi ta duban janareta, shi ko a jikinsa. A gidansu ko kan cefane ba a shawara da shi, amma a nan Real Madrid ce a tafin hannunsa, ya ajiye wanda ya ga dama a benci ba mai ce masa don me. In an lallasa shi 4 da nema ba ya damuwa sosai; zai nuna maka cewa shi ya fi riƙe ƙwallo.

Su kociyoyin ma jam'iyya biyu ne, kuma ba sa ga maciji. Akwai 'yan PES, na kamfanin Konami na Japan, wanda tsofaffin hannu suka sani da Winning Eleven, aka kuma sake masa suna eFootball a 2021. Akwai 'yan FIFA, na kamfanin EA na Amurka, wasan da ya fara fitowa a 1993. Tun 2023 kamfanin ya rabu da hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, wasan ya koma EA Sports FC, amma sanarwar ba ta iso Abbare ba. FIFA ake kira, FIFA ake amsawa. Ɗan PES na ganin FIFA ado ne kawai da kiɗa. Ɗan FIFA na ganin PES ta mutanen da ce. In kana son ganin idon tsohon ɗan PES ya kawo ruwa, ambaci Adriano na PES 6, ta 2006, mai ƙarfin bugu 99, wanda ke cin ƙwallo daga inda ya ga dama, ko zamanin da ake ɗauko Roberto Carlos daga baya a kai shi gaba saboda gudu. Zai ba ka labarin har ka manta abin da ya kawo ka.

Sai Mai Uzuri. Shi tun da ya zo duniya ba a taɓa cin sa ba, sai dai a zalunce shi. Da an zura masa ta farko zai juya fad ɗin da ke hannunsa, ya busa shi, ya buga shi a cinya.

"Hamma, wallahi abin nan ba ya ba da fas."

"To kawo mu yi musanya."

A yi musanya, a ƙara masa biyu.

"Ai sai da ka gama lalata shi ka ba ni."

In ba fad ba ne, alƙalin cikin kwamfuta ne ya sayar da wasa. In ba alƙali ba ne, wani ne ya gifta ta gaban talabijin. In duk babu, gumi ne ya hana yatsansa zama. Ranar da aka ɗauke wuta ana cin sa 3, sai ya miƙe yana karkaɗe riga: "Allah Ya cece ka, yanzu nake shirin farkewa." Ranar da aka ɗauke ta yana gaba da ɗaya a minti na 4 kuwa, wannan nasara ta shiga tarihi, sai unguwa ta ji ta mako guda. Ni dai ba na ganin laifinsa sosai. Dokar gidan gem ita ce wanda aka ci shi ke biya, wanda ya ci ya ci gaba da zama. Ka ga kowace ƙwallo biyu take ci, raga da aljihu. Wanda kuɗin kokonsa ke tafiya a gaban jama'a dole ya nemo wanda zai ɗora wa.

Bayan benci akwai Sarkin 'Yan Kallo. Ba a taɓa ganin sisinsa ba, ba a taɓa ganin fad a hannunsa ba, amma ya fi kowa sanin abin da ya kamata a danna. "Buga mana! Kai, ba shi! Kash, da ni ne!" In an miƙa masa a ce to ga shi, sai ya tuna an aike shi.

Akwai kuma wani ɗan ƙaramin yaro da manyan masana Mortal Kombat ke tsoro. Wasan faɗa ne da ya fito tun 1992, kuma gwanayensa sun haddace dabarun Scorpion da Sub-Zero ɗaya bayan ɗaya, sun ɓata watanni suna koyo. Yaron nan bai san ko ɗaya ba. Rufe ido yake yi ya danne duk maɓallan lokaci guda da yatsu goma, har da haɓa in ta kama, ya kuma kayar da gwani. Gwani ya ce wannan ba iyawa ba ce. Yaro ya ce to a sake.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Ɗan San Andreas. A waje yaro ne salihi, mai gaida manya har ƙasa, ko kaza ba ya iya yankawa. Da ya kama GTA San Andreas, ta 2004, sai ya fito da littafin rubutu daga aljihu, ba na lissafi ba, na lambobin satar hanya: wannan na kawo makamai, wannan na kawo tankar yaƙi, wannan na cika jini ya ƙara dala 250,000. Wasan yana da labari mai tsawo da ayyukan da ake bi daki-daki, amma shi bai taɓa bin ko ɗaya ba. Ƙwace mota yake yi, ya tayar da hankalin gari, 'yan sanda su biyo shi har da jirgi, ya mutu, ya farfaɗo a ƙofar asibiti, ya sake. Lokacinsa na cika ya ajiye, ya je ya ɗebo wa mahaifiyarsa ruwa. Kusa da shi kuma ga kishiyarsa, wanda ko a cikin gem sai ya tsaya wa jar danja. Wannan shi ne ke ƙarewa a wasan tuƙa tirela: ya ɗauko kaya daga wani gari na Jamus ya kai Faransa, sa'a guda yana tafiya a hankali, ba faɗa ba tsere. Aka tambayi wani irinsa daɗin me yake ji, ya ce hanya ce ba rami, ba shinge, ba mai tsayar da shi. Duk wanda ya san hanyoyinmu da damina ba zai yi masa dariya ba.

Wani Baturen Ingila, Richard Bartle, ya taɓa kasa masu buga gem gida 4 a 1996: masu neman cin maki, masu yawon gano lungu da saƙo, masu neman jama'a, da masu jin daɗin kayar da wani. Ya yi ƙoƙari. Sai dai da ya zauna a bencinmu da ya ƙara gida na biyar, na masu zuwa cajin waya su fake da kallo.

Yanzu ma rabin 'yan gem ba sa shiga labule, don gidan gem ɗin ya koma cikin aljihu. Ga Sojan Dare, mai PUBG ko Free Fire ko Call of Duty. A PUBG mutum 100 ake zubowa daga jirgi a kan tsibiri, a yi ta harbi har a bar ɗaya ko ƙungiya ɗaya. Free Fire mutum 50 ne, kuma ta samu karɓuwa don ko ƙaramar waya na ɗaukarta. Ƙarfe ɗayan dare za ka ji shi daga ɗakin samari yana ihu: "Ga shi nan bayanka! Ku zo ku tashe ni!" Uwa ta fito a firgice da tocila, ta tarar da shi kwance lafiya lau da abin ji a kunne. Abokan yaƙinsa ɗaya na Kano, ɗaya na Yola, ɗaya ma bai san ƙasarsu ba, amma ya fi sanin halinsu a kan na maƙwabcinsa. Ba harbin ne ya riƙe shi ba; a nan ne kaɗai in ya faɗi mutum uku ke rugowa su ɗaga shi. Shi ma yana da jinin Mai Uzuri, sai dai nasa laifin kullum na sabis ne.

Ita kuwa Adda Mai Alawa, in ka ce tana buga gem sai ranta ya ɓaci. Gem na yara ne. Ita Candy Crush kawai take ɗan taɓawa kafin tuwo ya nuna. Ɗan taɓawar nan ta kai ta matakin da sai an ƙirga da dubbai. Rai 5 ake ba mutum, in sun ƙare sai ya jira minti 30 kafin ɗaya ya dawo, amma Adda ta gano cewa in ta tura agogon waya gaba sai rayuka su cika. Shi ya sa ba a tambayarta lokaci. A wayarta jibi ake. Ita ce kan gaba wajen yi wa Sojan Dare faɗan ɓata data, ba ta san alawarta da Call of Duty 'yan gida ɗaya ne ba: kamfanin King mai alawar, tun 2016 mallakar masu Call of Duty ne, su kuma Microsoft ta saye su gaba ɗaya a 2023 a kan kusan dala biliyan 69.

Mijinta ma ba a bar shi a baya ba. Yana da gona a cikin waya, shanu sun ƙoshi, masara ta yi kyau, ba ya bari girbi ya wuce shi da minti ɗaya. Ta gaskiyar da ke bayan gari kuwa ciyawa ta kai gwiwa.

Ɗan Mainin ba ya cikin kowane lissafi, don shi bai taɓa jin daɗin wasansa ba. A 2024, bayan da Notcoin ta fashe wasu suka samu kuɗi, sai Arewa ta ɗauki danne-danne a Telegram da ake kira mainin, musamman Hamster Kombat. A masallaci bayan sallama, a layin banki, a cikin Keke, a gidan biki, yatsu na sauka a kan waya kamar kaji sun samu tsaba. Shi ba wasa yake ba, jari yake zubawa, har ya zaɓi launin motar da zai saya. Ranar 26 ga Satumba aka raba abin da aka tara, mutane da yawa suka ga abin da bai biya kuɗin datar da suka ƙona ba. Bai karaya ba. Ya ce wata na tafe, ita ce ta gaske.

Can a gidan gem kuwa, mai shagon shi kaɗai ne ba ya goyon bayan kowa. Burinsa a ci wani da wuri. Ba abin da ya tsana irin canjaras, don daga nan sai ƙarin lokaci, sai bugun fanareti, janareta na shan mai kuɗi bai ƙaru ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, kunnensa ya fi karkata ga kukan injin a kan ihun ci. Shi ne alƙali, shi ne makanike, shi ne mai rubuta bashi a bango.

Daga nesa, a gindin bishiya, Bappa na kallon labulen yana girgiza kai: yaran zamani sun lalace, sun bar aiki sun kama wasa. Yana faɗin haka ne da tsinke a hannu, a gaban ramukan dara 30, inda ya zauna tun bayan la'asar. In ka yi masa sallama yana tsakiyar lissafi ba zai amsa ba, in aka ci shi kuma wani ne ya yi masa magana. A aljihunsa akwai tsohuwar Nokia, kuma jikokinsa sun san wanda ya kafa makin macijin da ke cikinta.

Amma ba duk maganar Bappa ce abin dariya ba. Akwai yaron da ake kiran salla yana cewa a bari a tafi hutun rabin lokaci. Akwai wanda kuɗin aike ke ƙarewa a kan benci. Akwai inda "wanda aka ci ya biya" ke rikiɗewa a hankali ta koma sa kuɗi, caca ƙiri-ƙiri, har a tashi da dambe. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka, amma da sharaɗi: sai abin ya fi ƙarfin mutum, ya ture karatu da aiki da zaman iyali, yawanci har tsawon wata 12. Yawancin mutanen da na lissafa ba su kai nan ba. Nishaɗi suke saye, kuma ya fi wasu abubuwan da samari ke saye araha da lafiya.

Roƙona ga masu gidajen gem na Abbare da sauran unguwannin Jalingo kaɗan ne. A kashe talabijin in an kira salla. A hana ɗora kuɗi a kan wasa, ko da na wasa ne. Yaron da ya ɗaga labule da kayan makaranta da ƙarfe 10 na safe kuma, a tambaye shi sunan hedimastansu, ba ƙungiyar da zai ɗauka ba.