Takarda kafin tubali: jagorar mai son gini a ƙasar yuraniyom

Duk wanda Allah ya buɗa wa a arewacin Agadez, ko daga ramukan zinariyar Tchibarakaten ne, ko daga kuɗin sallamar mahaƙar yuraniyom ta Cominak da ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, ko daga cinikin raƙuma a dajin Dannet, kafin kuɗin su huce a aljihu ƙafarsa ta kai shi shagon mai siminti. Kafin mako ya zagayo an sauke yashi, an yanka rago, magini ya ja igiya, surukai sun fara zaɓen ɗakin da za su riƙa sauka. Ma'aikatar magajin gari, wato meri, kuwa, sai ranar da aka wayi gari da jan fenti a bango ake tunawa da ita. Shawarata ita ce a juya wannan jeri. Izinin gini yana cikin kayan aiki mafi araha da mai gida zai saya, kuma neman sa ne ke sa mutum ya tsaya ya amsa tambayoyi uku da ido ba ya amsawa: filin na wane ne, ta ina ruwa ke bi, me ke cikin dutse da ƙarfen da iyali za su kwana a tsakiyarsu.

Malam mai gini, ka ɗauka aure za ka nema, sai aikin ya zo maka da sauƙi, domin matakin farko binciken asali ne. A cikin Arlit da Akokan, fili mai asali shi ne wanda ya fito daga lotisma, yana da lambar rukuni da lambar kansa, da takardar akt da sesiyon ko titir fonsiye. Ɗauki takardar da ƙafarka ka kai sashen filaye na meri, a buɗe rajista a gabanka, ka ga ko sunan da ke ciki shi ne na mai sayarwa. Idan ya ce takardar tana hannun yayansa a Tamanrasset, ka yi wa yayan addu'ar dawowa lafiya, ka riƙe kuɗinka har ya dawo, domin fili mai miji biyu ba ya ƙarewa sai gaban alƙali. A karkarar Dannet binciken ya fi haka zurfi. Dokar 1961 ta ja iyakar noma, ƙasar da ke arewa da ita ta kiwo ce. Kundin dokokin karkara na 2 ga Maris 1993 ya kafa kwamitocin ƙasa, waɗanda daga baya suka haɗa da Cofocom a matakin komin da Cofodep a matakin departama. Dokar kiwo ta 2010 ta ƙara kare makiyaya da burtali da mashaya. Fili na iya zama fetal, ba bukka ba itace, alhali hanyar garke ce da ake bi shekara da shekaru. Ga kuma iyakokin ma'adinai: Imouraren, kimanin kilomita 80 kudu da Arlit, gwamnati ta karɓe lasisinsa daga kamfanin Orano a watan Yunin 2024, amma yuraniyom ɗin na nan kwance, kuma duk ranar da aka tashi haƙo shi ba za a kewaye katangar kowa ba. Sa hannun hakimi ko shugaban ƙabila abin girmamawa ne, sai dai a haɗa shi da hatimin kwamitin ƙasa.

Mataki na biyu zane ne. Maginanmu gwanaye ne, wani da babban yatsan ƙafa zai zana maka falo da ɗaki uku a kan rairayi, amma iskar Arlit ba ta barin irin wannan zane ya kai la'asar, meri kuma ba ta karɓar rairayi a cikin dosiye. Ana son zanen da ke nuna inda filin yake a unguwa, da inda ginin zai zauna a cikin filin, da tsarin ɗakuna, da bayanin kayan aiki da kiyasin kuɗinsu. A nan ne tambayar ruwa ke shigowa. Wanda ya ga yadda shekara ke wucewa a nan da ɗan yayyafi zai yi dariya idan aka ce masa ya ji tsoron ambaliya, amma ruwan da ke rushe gidajen arewa a kan duwatsun Air yake sauka, kori ya kwaso shi ya kawo wa mutanen da ko hadari ba su gani ba. A farkon Satumban 2009 korin Telwa ya fasa madatsa ya shiga Agadez, gidaje dubbai suka zube. A daminar 2024 ambaliya ta taɓa mutum sama da miliyan ɗaya a Nijar, har tsohon masallacin Damagaram ya faɗi. Don haka ka sa mai zane ya je filin da kansa, ka kuma tambayi tsofaffin makiyaya inda ruwa ya taɓa kaiwa. Fili mai laushin yashi da araha fiye da kima, sau da yawa gadon kori ne, mai shi ya yi tafiya ne kawai.

Mataki na uku shi ne gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, kuma shi ya raba mai gini a Arlit da mai gini a Maradi. Somaïr ta fara fitar da yuraniyom a 1971, Cominak a 1978, kuma shekaru da dama tarkacen ƙarfe da baraguzan dutse suna fita daga ma'adinai suna shiga gari: bututu ya zama azara, tol ya zama ƙofa, dutse ya zama cikon rami. A ƙarshen 2003 masu binciken CRIIRAD daga Faransa sun samu ƙarfe mai tiririn yuraniyom a kasuwar Arlit. A Nuwamban 2009 Greenpeace ta auna wani wuri a titin Akokan ta samu tiririn ya ninka na al'ada kusan sau 500. Cominak kaɗai ta bar tarin dusar ma'adini da ya kai kimanin tan miliyan 20. Wannan guba ba ta da wari, ba ta da launi, magini mafi gwaninta ba zai gane ta da ƙwanƙwasa ba. Saboda haka duk ƙarfen gwanjo da duk dutsen da ba ka san mahaƙarsa ba, a ɗora masa na'urar awo kafin ya shiga harsashi. Tuntuɓi ma'aikatar ma'adinai, ko ƙungiyar Aghir In'man ta Almoustapha Alhacen, wanda ya samu lambar yabo ta Nuclear-Free Future Award a 2017 kan wannan gwagwarmaya. Ka kuma bar tagogi a zanenka, masu kallon juna. Ƙura da zafi na sa mutane su toshe kowace kafa, alhali iskar radon a rufaffen ɗaki take taruwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin manyan musabbaban sankarar huhu bayan taba. Wanda zai ce ƙarfen gwanjo ya fi sauƙi, gaskiya ya faɗa, amma ya tuna jariri ne zai yi rarrafe a ƙarƙashinsa.

Mataki na huɗu, kai gaisuwa gidan waliyyi. Tun Afrilun 2024 da aka rusa majalisun komin, kantoma ne ke zaune a kujerar magajin gari, amma ƙofar ba ta sauya ba. Guzurinka: wasiƙar neman izini, kwafin takardar fili, zane, katin ɗan ƙasa, tambur, da jakar roba mai zif, domin ƙurar Arlit ma tana son karanta takardun mutane. Kowace takarda ka yi mata kwafi fiye da yadda aka nema, ta asali kuma ta koma gida tare da kai. Je da sanyin safiya, kafin rana ta gajiyar da kai da ma'aikacin, ka yi sallama, ka tambayi iyali da gajiya, sannan ka buɗe jaka. Sadaki a akwatin meri ake biya, a ba ka rasit mai hatimi, kuma ka nemi shaidar ajiye dosiye mai kwanan wata, don ranar da aka ce maka “dawo gobe” ka san daga wace jiya ake lissafi. A gindin bishiyar ƙofar ofis za ka tarar da wani mai fara'a da zai ce kantoma abokin wasansa ne, da jika kaza zai fito maka da takarda kafin azahar. Sha shayinsa, ka gode masa, ka shiga ciki da kanka.

Akwai mai cewa kakanni sun gina Agadez ba da tambur ba, ga hasumiyar masallacinta mai tsawon mita 27, ta laka zalla, tana tsaye har UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Wannan hujja tana da nauyi, sai dai tana goyon bayan izini ne. Kakanni ba su yi gini sakaka ba: akwai sarki, akwai mai unguwa da ya san iyakar kowa, biranen Hausa kuma suna da Sarkin Magina mai duba aikin ƴan sana'arsa. Izini na nan, a baki yake, domin kowa ya san kakan kowa. Arlit kuwa a 1969 aka kafa ta, mutanenta daga Tahoua, Damagaram, Dosso, Air da ƙasashen maƙwabta suka taru, ba dattijon da zai rantse cewa wannan kusurwa ta gidan wane ce tun zamanin kakansa. Inda shaidar baki ta gaza, rajista ce ke tsayawa. Kuma maginan Agadez na ƙarni na 16 ba su taɓa fargabar abin da ke cikin ƙasar da suke kwaɓawa ba.

Hujja ta biyu ta fi ciwo: talaka ya ce kuɗin zane da zirga-zirga sun isa buhunan siminti, ga maƙwabcinsa ya gina ba takarda, ba abin da ya same shi. Jinkirin ofis gaskiya ne, nisan Dannet da Arlit ma gaskiya ne. Amma “ba abin da ya same shi” magana ce ta yau. Ranar da titi zai ratsa unguwa, mai takarda ne ke da bakin neman diyya. Ranar neman kontar Nigelec ko famfo, ranar neman bashin banki, ranar rabon gado da marayu za su tsaya gaban baffanninsu, takardar da aka raina ita ake nema. Maganin tsada da jinkiri yana hannun hukuma, kuma ya kamata a faɗa mata a fili: a manna jerin takardu da farashinsu a bangon kowace meri, da Faransanci da Hausa da Tamajak, a sa wa'adin amsa, a tanadi zanen gida mai sauƙi da mai ginin laka zai ɗauka kyauta, a ajiye na'urar awon tiriri da ma'aikacin da ya iya ta, awon ya zama sharaɗin izini a duk departamar Arlit. Tunda gwamnati ta mayar da Somaïr hannunta a Yunin 2025, lafiyar bangon da ma'aikatanta ke kwana a ciki ta ƙara zama nauyinta.

Idan izini ya fito, saura riƙon amana. Gina abin da aka sa wa hannu: kada katanga ta ci taku biyu na titi da sunan inuwa, kada ɗaki uku ya haifi bene a ɓoye, kada masai ya matsa kusa da bututun ruwa. In ra'ayi ya sauya, koma meri a gyara zane, ya fi sauƙi a goge layi da a rushe bango. Ajiye kwafi ɗaya wurin magini, ɗaya wurin uwargida, ka ɗauki hotonsa a waya, ka nuna wa babban ɗanka inda na asali yake. Sannan a kira malamai da maƙwabta a yi addu'a, a zuba harsashi, Allah ya sa a shiga lafiya.